LOKACIN ƊARI: YADDA ZA KA KIYAYE KANKA DA IYALINKA DA BISASHENKA



An gama girbi, an ɗaure damma, hatsi ya shiga rumbu. Iska ta juya, yanzu daga gabas maso arewa take busowa. Daga tsakiyar watan Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu muna cikin ɗari ke nan. Manomi yana son wannan lokaci, don aikin gona ya yi sauƙi, sauro ya ragu, ga bukukuwa, ga kokowa, ga kayan garka. Amma kuma a cikinsa ne gobara ta fi yawa. A cikinsa ne ciwon haƙarƙari ke kama ƙananan yara, kuma a cikinsa ne sanƙarau ke fara leƙowa. Yawancin wannan asara ana iya kauce mata da abin da ke cikin gida, ba sai an kashe kuɗi masu yawa ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a dandali ko a zaure. A tabbata mata sun ji, don rabin aikin a hannunsu yake.

INA ƊARI KE FITOWA?

Iskar hunturu daga cikin hamadar Sahara take tasowa, ba ta ɗauke da raɓa ko kaɗan. Da damina, gajimare da laimar iska su ke riƙe zafin ƙasa da dare, kamar yadda bargo ke riƙe ɗumin jiki. Da ɗari babu wannan bargo. Zafin da ƙasa ta sha da rana sai ya tsere sama da zarar rana ta faɗi. Shi ya sa a Maraɗi da Damagaram da Tawa, cikin watan Janairu, ma'aunin zafi yakan kai wajen digiri 30 da azahar, amma kafin asuba ya sauko wajen 13 zuwa 15, wani daren ma ƙasa da 10. A Bilma, cikin Janairun 1995, har ƙasa da sifiri ya sauka, wato sanyin da ke daskarar da ruwa.

Ƙurar da ke rufe rana kuwa, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele take fitowa, a arewacin Cadi, inda wani babban tabki ya ƙafe tun zamanin da. Wurin yana cikin waɗanda suka fi ko'ina tada ƙura a duniya.

Ke nan abu uku ɗari ke kawo mana: sanyi, bushewa da ƙura. Bushewa tana tsattsage fatar cikin hanci da maƙogwaro. Ƙura tana kankare ta. Sanyi kuma yana tara mutane cikin ɗaki ɗaya, a rufe ƙofa, a hura wuta, kowa yana shaƙar numfashin kowa. Ƙwayoyin cuta su ke sa ciwo, amma waɗannan uku su ke buɗe musu ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Waɗanda ɗari ya fi cuta su ne jarirai, da yara masu tamowa, da tsofaffi, da masu jego, da masu asma, da masu amosanin jini, da duk wanda ke kwana a fili. Ka fara duba su kafin ka duba kanka.

TUFAFI DA MAKWANCI

Riga biyu ko uku marasa kauri sun fi riga ɗaya mai kauri ɗumi, don iskar da ke tsakaninsu ita ke riƙe zafin jiki. Kuma in rana ta ɗaga kana iya tuɓe ɗaya. Kada ka bari zufa ta jiƙa ka, don jiƙaƙƙen tufa yana janye ɗumin jiki da sauri in iska ta buga shi.

A rufe kai da ƙirji da ƙafafu. Kan yaro ƙarami babba ne in an gwada da jikinsa, ta nan yake asarar ɗumi mai yawa. Hula da safa ba ado ba ne gare shi.

Ƙasa tana shan ɗumin mai kwance fiye da yadda iska ke sha. Kada yaro ko tsoho ya kwana bisa tabarma ɗaya a daɓe. A shimfiɗa kara ko buhu ko kwali ko buzu a ƙarƙashi, sannan tabarma, sannan gwado ko bargo. Gadon kara ya fi.

Ka kewaye gefen gabas da na arewa na gida da zana. Ka liƙe tsagar bango, ka gyara jinka, ka rataya asabari ko tufaniya a ƙofa. Amma kada ka toshe ƴar tagar sama. Za ka ji dalili nan gaba.

Kayan gwanjo da aka sayo a wanke su da sabulu, a shanya a rana kafin a sa. Bargo da tabarma a fitar da su rana ko da sau ɗaya cikin mako. Mutane suna gudun wanka da ɗari, suna kwana cikin bargo ɗaya, shi ya sa ƙazwa da ƙwarƙwata ke yaɗuwa. A yi wa yara wanka da ruwan ɗumi da tsakar rana, a wurin da iska ba ta bugawa, a goge su nan take, a shafa musu mai, a sa musu riga.

WUTA CIKIN ƊAKI

A nan ne babban haɗarin yake, ka saurara da kyau. In gawayi ko icce yana ci cikin ɗakin da iska ba ta shiga, yana fitar da wata iska mai guba. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Garwashin da ya yi ja, wanda babu hayaƙi gare shi ko kaɗan, shi ma yana fitar da ita. In ta shiga huhu, jini yana kama ta fiye da sau 200 bisa yadda yake kama iskar da muke rayuwa da ita. Sai jini ya riƙa zagaya jiki babu abin da yake kai wa zuciya da ƙwaƙwalwa. Mai barci ba ya farkawa ya ji ciwo, daga barci sai mutuwa. Haka ake buɗe ɗaki da safe a tarar da mutanen ciki duka sun rasu, a ce aljannu ne ko sammu, alhali kaskon wuta ne.

Alamunta ga wanda ke farke: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, da barci mai nauyi. In mutum biyu ko uku cikin ɗaki ɗaya suka ji haka tare, to wuta ce.

Ga abin da za ka kiyaye:

1. A hura gawayi a waje. In za a ɗumama ɗaki, a shiga da kasko na ɗan lokaci, ƙofa ko taga tana buɗe.
2. Kafin a kwanta, a fitar da kasko waje, a kashe shi. Kada a kwana da garwashi cikin ɗaki ko sau ɗaya.
3. Gawayin shayi, da gawayin ƙasa, da murhun gas, da risho, da injin ba da wuta, duk hukuncinsu ɗaya ne cikin rufaffen ɗaki.
4. In ka tarar da wanda gubar ta kama, buɗe ƙofa da taga, ka fitar da shi fili nan take. In ba ya cikin hankalinsa, kwantar da shi bisa gefensa, kada ka ɗura masa ruwa ko nono. A kai shi gidan likita ko da ya farfaɗo.

In kana son ɗumi har safe, ka gasa dutse ko tubali, ka naɗe shi cikin tsumma mai kauri, ka ajiye wajen ƙafafu. Kada ya taɓa fatar jariri ko ta tsohon da ba ya iya motsawa.

GOBARA DA ƘUNA

Da ɗari komai ya bushe: jinka, zana, kara, harawa, rumbu. Tartsatsi ɗaya da iska ya isa ya cinye unguwa, da abincin shekara gaba ɗaya. A kewaye murhu da ɗan gini ta gefen da iska ke zuwa. Kada a dafa abinci kusa da danga lokacin da iska ke kaɗawa da ƙarfi. In an gama girki a kashe wuta da ruwa ko ƙasa, kada a zubar da toka mai zafi a bola. Tarin kara da harawa a nisanta su da murhu da ɗakin kwana, a share ciyawa kewaye da rumbuna. Kwalaben man fetur kada su kwana ɗaki ɗaya da mutane ko fitila. Kowane gida ya ajiye tulu cike da ruwa da tarin yashi saboda ko-ta-kwana.

Kada a bar yara su kaɗai suna jin ɗumi. Mai farfaɗiya kada ya zauna bakin wuta sai da wani kusa da shi. Yadin leda yana kama wuta da sauri, ya narke ya manne a fata.

In wuta ta kama tufafin mutum, kada ya ruga da gudu, gudu yana ƙara mata iska. A kada shi ƙasa, ya yi birgima, a lulluɓe shi da bargo. Sannan a riƙa zuba ruwan sanyi mai tsabta bisa ƙunar har minti 20, sauran jikin kuma a rufe shi don kada sanyi ya kama shi. A cire zobe da awarwaro tun wurin bai kumbura ba. A rufe da ƙyalle mai tsabta. Kada a sa man goge haƙori, ko ƙwai, ko tawada, ko kashin shanu, ko toka, kuma kada a fasa bororon. In ƙunar ta fi faɗin tafin hannun mai ita, ko tana fuska, ko hannu, ko gaba, ko a gaɓa, ko kuwa yaro ne ƙarami, sai gidan likita.

JARIRI DA MAI JEGO

Ƴar'uwa ungozoma, da ke uwar jariri, wannan naku ne. Jariri yana fitowa daga ɗumin ciki a jiƙe, kuma ba ya iya ɗumama kansa. Da ya faɗo a goge shi da busasshen zane, a ajiye wannan zanen, a ɗora shi bisa ƙirjin uwarsa fata da fata, a lulluɓe su da wani zanen, a sa masa hula. A ba shi nono cikin awa ɗaya ta farko. Nonon farko mai kauri kada a zubar da shi, shi ne rigakafinsa na fari. Wankan farko a jinkirta shi har awa 24. Ba ƙazanta ba ce, farin maiƙon da ke jikinsa yana kare shi.

Bakwaini, da duk jaririn da bai kai kilo 2 da rabi ba, a ɗaure shi a ƙirjin uwa cikin riga, dare da rana. In ta gaji, uba ko kaka su karɓa. Likitocin birnin Bogota na ƙasar Kolombiya ne suka fara wannan dabara a 1978, yau kuma ana yin ta a asibitocin duniya. Ki riƙa taɓa tafin ƙafar jariri. In ya yi sanyi, ki manna shi a jikinki, ki ba shi nono. In cikinsa ma ya yi sanyi, ko ya ƙi tsotso, a tafi gidan likita yana manne a ƙirjinki.

Game da jego kuma: cikin shekarun 1970 likitocin asibitin Zariya sun lura da yawan ciwon zuciya ga mata bayan haifuwa. Sun ga yana tafiya tare da yawan shan kunun kanwa, da wankan tafasasshen ruwa, da kwanciya bisa gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Kanwa ƴar'uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zafi mai yawa kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Mai jego ta yi wanka da ruwan ɗumi wanda hannu ke iya jurewa, a rage kanwa ƙwarai. In ƙafafunta suka kumbura, ko numfashi yana yi mata wuya in ta kwanta, kada a jira arba'in.

MURA, TARI DA CIWON HAƘARƘARI

Mura tana wucewa da kanta cikin mako ɗaya ko kwana 10. Kafso da allura ba sa kashe ta, kada ka zubar da kuɗinka wajen mai tallar magani. A sha ruwan ɗumi da yawa, da kunu, da shayin citta da lemun tsami. Zuma tana sauƙaƙa tari, amma kada a ba yaron da bai cika shekara 1 ba. In hancin jariri ya toshe, a ɗiga masa dafaffen ruwan da ya huce, da ɗan gishiri wanda bai wuce ɗanɗanon hawaye ba. Cire hakin wuya ba ya maganin tari, sai dai ya jawo zubar jini da shigar cuta.

Abin tsoro shi ne mura ta sauka huhu. Ana gane wannan ta numfashi. In yaro yana kwance ba ya kuka, ɗaga rigarsa, ka duba agogon salula, ka ƙirga numfashinsa minti ɗaya cif. Numfashi ya yi sauri in ya kai:

- 60 ko fiye, ga jaririn da bai kai wata 2 ba;
- 50 ko fiye, daga wata 2 zuwa wata 11;
- 40 ko fiye, daga shekara 1 zuwa shekara 5.

In ka ga haka, a kai shi gidan likita a ranar. In kuwa ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki in ya ja numfashi, ko ya kasa sha, ko yana aman duk abin da ya ci, ko yana jijjiga, ko ba ya farkawa sosai, to ko da tsakar dare ne a tafi. Akwai maganinsa, kuma ba shi da tsada. A ba da shi har ranar da likita ya ce, ko da yaro ya warware.

Hayaƙin murhu yana raunana huhun yaro. Uwa kada ta goya jariri tana fuskantar hayaƙi, a dafa da busasshen icce inda iska ke wucewa. Allurar da ake yi wa jariri yana da mako 6 da 10 da 14 tana kare shi daga manyan ƙwayoyin ciwon haƙarƙari. Babba kuma, in tarinsa ya wuce mako 2, yana ramewa, yana zufa da dare, ya je a auna majinarsa saboda tarin fuka. Yana warkewa in an sha magani wata 6 ba fashi.

SANƘARAU DA ƘYANDA

Ƙasarmu tana tsakiyar yankin da sanƙarau ya fi addaba, wanda ya miƙe daga Senegal har Habasha. Mutane sun san shi da bazara, amma tun cikin ɗari yake somawa, sai ruwan farko ya sauka yake lafawa. A jahar Damagaram, daga 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023, an lissafa mutum 559 da suka kamu, 18 suka rasu. A 2015 kuma ya kama kimanin mutum 8,500 a ƙasar nan, fiye da 500 suka rasu.

Ta numfashi da tari da atishawa ake ɗaukarsa, musamman inda aka cunkushe. Alamunsa: zazzaɓi farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, wuya ya sanƙare, amai, ƙin haske, ruɗewa ko jijjiga. Ga jariri, maɗiga takan kumbura, ya ƙi nono, ya yi ta kuka mai ƙara. Yana iya kisa cikin kwana ɗaya. In ba a yi magani ba yakan kashe har rabin waɗanda ya kama, cikin waɗanda suka tashi kuma akwai masu kurmancewa. Kada a tsaya turare ko tsaga. Allurar likita ce maganinsa, kuma kowace awa tana da daraja.

Ƙwayar sanƙarau iri-iri ce. Rigakafin da aka fara a Nijar da Mali da Burkina Faso a 2010 ya karya irin da ya fi yin ɓarna a da. Wanda ya zo a 2015 wani iri ne dabam. A 2024 an fara amfani da sabuwar allura mai kare mutum daga iri 5. Saboda haka in masu lamba suka zo garinku, kada ka ce an taɓa yi maka, ka fito da iyalinka duka.

Ƙyanda ita ma da rani take yawo. Ana yi wa yaro allurarta yana da wata 9, a sake yi masa cikin shekararsa ta biyu. Duba takardar awon ɗanka yau. In ta kama yaro, kada a kulle shi cikin ɗaki mai hayaƙi, kada a hana shi abinci da ruwa. A goge masa ido da ruwa mai tsabta, a kai shi a ba shi bitamin A don kare ganinsa.

FATA, HANCI DA IDO

Man kaɗe, man shanu ko man gujiya sun isa maganin bushewar fata da leɓe. Mai faso ya jiƙa ƙafa cikin ruwan ɗumi da dare, ya goge kaushi, ya shafa mai, ya sa safa. Faso mai zurfi ƙofar cuta ce, balle ga mai ciwon suga. In haɓo ya zo, a zauna, a sunkuyar da kai gaba, a matse hanci minti 10. Kada a ɗaga kai baya, jinin yana komawa maƙogwaro. Ranar da ƙura ta yi yawa, a ja amawali ko gyale ko takunkumi a rufe hanci da baki, mai asma kuma ya zauna ciki da maganinsa kusa. In ƙura ta shiga ido a wanke da ruwa mai tsabta, kada a murza. Mai amosanin jini sanyi yana tada masa ciwon ƙashi: ya rufe jiki, ya sha ruwa da yawa, kada ya yi wanka da ruwan sanyi.

ABINCI DA RUWA

Jiki murhu ne, abinci shi ne iccensa. Yaron da ya fita da yunwa sanyi ya fi kama shi. Kafin yara su tafi makaranta ko kiwo, a ba su kunu mai zafi. A ƙara masa ƙarfi da garin ƙuli-ƙuli, ko garin wake, ko nono, ko cokali ɗaya na mai. Tun bayan farin 1984 noman rani ya bazu cikin ƙasar nan, kuma yanzu ne garka ke ba da tumatir, karoti, kabewa, dankali, salati da zogale. Kada ka kai duka kasuwa, ka fara cika tukunyar gidanka. Tsamiya da garin ɗiyan kuka da magarya su ma suna da amfani ga jiki.

Da ɗari ba a jin ƙishirwa, amma busasshiyar iska tana shan ruwan jiki. Ka sha ruwa ko ba ka ji ƙishi ba, ka tuna wa tsofaffi. Jaririn da bai kai wata 6 ba nonon uwa kaɗai ya ishe shi. Giya da ƙwaya ba sa maganin sanyi. Giya tana kawo jini bisa fata, mutum ya ji ɗumi alhali ɗumin fita yake yi. Gidan sauro kuma kada a naɗe shi, musamman kusa da tabki da fadama, sai dai a nisanta shi da fitila.

MASU FITA DA SASSAFE

Mai garka da ke ban ruwa da asuba ya ajiye busasshiyar riga a gefe, ya canza da ya gama. Ɗan kabu-kabu da mai tafiya bisa mota a buɗe su rufe ƙirji da kunne da hanci. Ranar hazo direba ba ya hangen nesa: mai amalanke ya bi gefen hanya, ya rataya abu mai haske a baya, kada ya yi tafiyar dare babu fitila. Ɗan ci-rani kada ya bar gida babu bargo, kuma ya yi rigakafi kafin ya tafi.

BISASHE DA KAJI

Dabba ma tana jin ɗari. A kafa zana a gefen gabas da arewa na garke, a share turke ya zauna a bushe. Ƴan awaki da ƴan tumaki sababbin haifuwa a shigar da su rumfa da dare. A ba su harawa da dusa da ɗiyan gawo, a shayar da su bayan rana ta ɗaga. Kada a hura wuta cikin garke kusa da abincinsu.

In ka ga akuya ko tunkiya tana majina da hawaye, bakinta ya yi gyambo, tana zawo, ware ta, ka kira malamin dabbobi, don annoba ce mai saurin yaɗuwa. In masu allurar bisashe suka zo, kai garkenka duka, kada ka ɓoye ko ɗaya.

Annobar kaji, wadda ke murɗe musu wuya, ta sa su koren zawo da haki, da hunturu ta fi ƙarfi. Ba ta da magani, sai rigakafi tun kafin ta shigo. Kazar da ka sayo a kasuwa ka ware ta mako 2 kafin ta shiga cikin naka. Wadda ta mutu a rufe ta cikin rami mai zurfi, kada a ci, kada a jefar a bola. In kaji suna mutuwa da yawa a gari, a sanar da malamin dabbobi.

WUTAR DAJI DA ICCE

A ƙasar kiwo, wajen Abalak da Dakwaro da Tanut, ciyawar da ta bushe ita ce rumbun makiyayi har damina. Wutar shayi da ba a kashe ba, ko guntun taba, ko wutar masu farautar gafiya da masu ɗibar zuma, tana iya cinye ta cikin yini ɗaya. In za ka tashi daga zango, rufe wutarka da ƙasa, ka taka. In ana share hanyar tare wuta, mai faɗin mita 15 zuwa 20, gari duka ya fito.

Kai kuma manomi, kada ka ƙone karan gonarka. Karan da ke kwance yana hana iska kwashe ƙasa, yana kuma tare ƙurar hunturu, wadda taki ce ga gona. Itatuwa su ne bargon gari. A kwarin Majiya, wajen Buza, tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro don karya iska. A jahar Maraɗi kuma, tun cikin shekarun 1980, manoma suka kama sassaben zamani, suna barin tohon kututture ya girma. Mai yin haka yana samun iccen jin ɗumi daga sassabe rassa, ba tare da ya kada itaciya ba. Murhun Mai Sauƙi da murhun laka suna rage cin icce, suna kuma tsare yara daga faɗawa wuta.

AIKIN GARI DUKA

Gobarar maƙwabci gobararka ce, sanƙarau kuma ba ya tambayar gidan wa ya shiga. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A wannan mako, in kun taru sauraron rediyo, ku tattauna waɗannan tare da maigari:

1. Su wane ne tsofaffin da ke kwana su kaɗai a garinmu, kuma wa zai riƙa leƙa su da safe?
2. Almajiran da ke kwana a zaure suna da tabarma da bargo? Wa ke kashe wutar karatu in an tashi?
3. In gobara ta tashi da dare, ina ruwa, ina yashi, wa zai yi shela?
4. In yaro ya kamu da tsakar dare, amalanken wa ko babur ɗin wa zai kai shi gidan likita?
5. Yara nawa ne ba su cika allurarsu ba?

Abin da kuka yanke ku aiko mana, za mu karanta shi a shirin manoma don wasu garuruwa su amfana. Allah ya ba mu lafiya, ya kai mu damina da iyalinmu da bisashenmu cif. Sai fitowa ta gaba.